Fatalwar da Kibwana Ya Yaba

Shekara ashirin da biyu Kibwana yana sharhin finafinai a wata jaridar Lahadi a Mombasa, bai taɓa yabon ko ɗaya ba. Shi a ganinsa ƙwarewa ke nan. Masu karatu kuwa sun gaji, har edita Nyambura ta kira shi ta faɗa masa ba kwana-kwana.

"Kibwana, shafinka ko masu ƙunsa gyaɗa sun daina ɗauka. Kawo abin da za a yi magana a kai wannan Lahadin, ko in ba 'yan ƙwallo wurin."

Da ya rasa tudun dafawa, sai ya tuna da *Amaryar Rijiya*, wani fim ɗin ban tsoro baƙi-da-fari da aka ɗauka tun kafin a haife shi. Kwafi ɗaya ya rage, yana hannun Mzee Fumo, wato Dattijo Fumo, tsohon mai haska fim a silima, wanda ƙarar inji ta cinye wa kunnuwa.

Bayan la'asar ya isa gidan, can cikin lungunan tsohon gari. Mzee Fumo ya rufe tagogi, ya rataya farin zanin gado a ƙarshen ɗakin inda ƙusoshi biyu suka daɗe suna jiransa, sannan ya ɗaga murya kamar mai kiran jirgin ruwa: "Yau muna da baƙo!" Kibwana ya ce a ransa kurame dai haka suke, ba su san inda muryarsu take tsayawa ba. Tsohon ya kunna majigi, ya jingina, ko minti goma ba a yi ba ya yi barci.

Fim ɗin ya fara yadda Kibwana ya zata. Amaryar ta sha hoda kamar ta faɗa buhun fulawa. Rijiyar kuwa ta kwali ce, in an jingina da ita sai ta yi rawa. Ya cika shafi biyu da baƙar magana, yana murmushi.

Ana cikin haka ɗakin ya ɗauki ƙaurin hayaƙi, ya ɗora laifin a kan tsufan injin. Sai wani haske ya fara rawa a gefen hoton, inuwar wata mace ta ratso, baƙa ƙirin, a duƙe. 'Yan wasan suna ta surutunsu, babu wanda ya waiwaye ta. Ta ɗaga wani abu mai kamar kan mutum, ta ɗaga adda. Ƙwas. Ya ji ruwa yana tsiyaya cikin kwano.

Alƙalamin Kibwana ya tsaya.

Inuwar ta zauna ta shiga sunkuyawa tana ɗagowa, wata ƙara tana binta: ƙarr, ƙarr, ƙarr. Ba daga inda sauran sautin yake fitowa ba, kamar daga cikin bangon ɗakin. Da ta gama kankare ƙoƙon, ta tattara abin da ta samu ta matse da hannu biyu, a natse, kamar aikin da ta saba. Mutumin da ya yi shekaru yana hamma a gaban gawawwakin roba, yau ya ji tsoro na gaske. Kafin a haska sunayen 'yan wasa ya suri takalmansa, ko sallama bai yi ba.

Sharhin ya fito ranar Lahadi. Ya rubuta cewa daraktan ya riga zamaninsa da shekara hamsin. Ya ce hodar da kwalin da gangan ne, don a shagaltar da mai kallo kafin Matar Adda ta bayyana. Ya ce duk wanda bai ji wannan ƙarar a ƙashinsa ba, bai san fim ba.

Gari ya ɗauka. Kibwana ya yabi fim? Jaridar ta ƙare kafin azahar. Wani mai silima ya aro kwafin, ya sa za a nuna ranar Asabar da rana, zaure ya cika har da na tsaye. Nyambura da kanta ta zauna kusa da shi a layin gaba.

Hoda ta zo, kwali ya yi rawa, aka yi dariya. Kibwana ya ce a jira. Aka jira har amaryar ta koma rijiyarta, aka kunna fitilu.

"Malam mai sharhi," in ji wani daga baya, "Matar Addar ta tafi hutu ne?"

Nyambura ba ta yi dariya ba. Ta ce ya zo Litinin da kwalin da zai kwashe kayansa.

Daga nan gidan Mzee Fumo ya wuce, zuciyarsa tana tafasa. Zanin yana nan a rataye, majigin a kashe.

"Mzee, ka yanke fim ɗin. Ina matar?"

"Na'am? Shayi?"

Bai kai ga maimaitawa ba ya ji ta. Ƙarr, ƙarr, ƙarr. Hasken ya dawo yana rawa a kan zanin, inuwar tana duƙe a inda ya bar ta. Ƙarar ta tsaya, wani hannu mai lalle ya ɗan ja gefen zanin, iya yadda matar gida take yi in da baƙon namiji, har ya hango murhu da tukunya. Wata tsohuwar murya ta fito daga baya, matar Mzee Fumo ce take yi wa mijinta magana.

"Baban Zuhura, wannan ba baƙon ran nan ba ne? Ka ce masa yau kada ya gudu. Kwakwa guda na fasa na kankare don in dafa masa shinkafa, ya tafi ko loma ɗaya bai ci ba."