Labule Tsakanin Maƙeri da Mahaifinsa

Kai da kake cewa nauyin tsohonka kake ji, zauna ka ji abin da ya sami wani maƙeri. Shi ne ɗan fari a gidansu, ka kuwa san halin mutanenmu da ɗan fari. Tun da aka haife shi uban bai taɓa kiran sunansa ba, ba su taɓa haɗa hannu a akushi ɗaya ba, in magana ta kama dole sai kowa ya dubi ƙasa. Da tsufa ya zo, ɓarin jikin uban ya shanye, ƙanin maƙerin ne ke yi masa wanka, yana juya shi a kan gado. Ana nan sai ƙanin ya tafi ci-rani, jinya ta dawo kan wansa. Maƙeri ba mugun ɗa ba ne, Allah ya sani. Kunu ba ya yankewa, magani ba ya yankewa. Amma in aka zo batun wanka, sai ya ajiye ruwan ɗumi da soso a gefen gado, ya fita ya ja ƙofa, sai ka ce mai mataccen hannu zai iya cuɗa bayansa. In ya dawo ya tsaya daga bakin ƙofa ya ce, "Baba, an samu an watsa?" Tsoho ya ce, "Alhamdu lillahi." Ashe fuska kawai yake shafawa, sauran ruwan ya tuntsurar ƙarƙashin gado. Uba na kunyar ya ce ya kasa, ɗa na kunyar ya duba. Haka suka yi ta yaudarar juna cikin ladabi, har ƙudaje suka tona musu asiri.

Ranar da wari ya cika ɗakin, maƙeri ya daure ya ɗaga bargo, ya ga gyambo a kwankwason ubansa, faɗin tafin hannu, ya ci nama ya zurma ciki. Ya zaga bayan ɗaki ya yi kuka mai cin rai. Da ya dawo da ruwa, tsoho ya damƙe bargon da hannunsa mai lafiya, ya juya fuska bango, ya ce shi kam gara mutuwa. Lallashi ya ƙi ci, ƙarfi kuma ba a gwada wa uba. Sai maƙeri ya koma maƙera ya ƙera ƙugiya biyu, ya kafa a bango, ya ɗaura igiya ta gitta gadon daidai ƙirjin tsohon, ya rataya zane a kai. Ido ya daina ganin ido. Ta bayan labulen nan ya wanke ubansa, ya sa masa maganin da aka ba shi a asibiti, yana ta jan hirar tsadar gawayi da garmar da aka kawo gyara, tsoho na amsawa sama-sama kamar wani ne can daban ake wankewa. Bayan kowace salla sai ya juya shi ɗaya gefen. Wutar maƙera ta mutu, masu gyaran fartanya suka koma wurin wani, ya haƙura.

Dabara ta yi, sai dai ta makara. Bakin gyambon ya soma haɗewa, cikinsa kuwa ya riga ya kai ƙashi. Tsoho ya ga damina, bai ga kaka ba. Ya rasu jikinsa fes, ba wari ba ƙuda. A wajen zaman makoki mutane suka yi ta sa wa maƙeri albarka, shi kuwa kansa a sunkuye, albarkar ba ta ko shiga kunnensa. Abin da ke cin ransa guda ɗaya ne: zanen nan da igiyar nan suna cikin gidan tun ranar da ƙaninsa ya tafi.

Kunya ado ce, ban musa ba, amma ba ta warkar da miki. Shi ya sa Hausawa suka ce, ranar wanka ba a ɓoye cibi.