Rabin Magana a Bayan Labule

Mai yanka yadi a shagon ɗinki ta yaye labulen ɗakin guga, almakashi a hannunta.

"Na ji ku da kunnena! Ni za ku yi wa asiri?"

Teloli biyun da ke ciki suka zabura, ɗaya ta tura wani yadi bayanta. Kwana biyu ke nan suna ƙus-ƙus, da ta shigo sai su yi tsit. Yau ta laɓe musu. Ƙarar keken ɗinki ta cinye farkon maganar, amma "mata asiri" kam ta ji shi sarai.

"Yaya, don Allah rage murya," in ji ƙaramar.

"Ba zan rage ba, munafukai! Ni na koya muku riƙon allura, yau ni za ku kai wa boka? Hajiya! Zo ki ga abin da suke ɓoyewa!"

Mai shagon ta shigo da sauri. Mai yanka ta fizge yadin, ta baza shi a kan tebur. Babu laya, babu ƙulli. Leshin amaryar jibi ne, an yanka gabansa a baibai. Mai yanka ta gane shi: yankan hannunta ne.

Babbar ta sunkuyar da kai. "Cewa na yi mu rufa mata asiri, Yaya. Mu gyara kafin Hajiya ta gani."

Hajiya ta ɗaga leshin, ta juya shi a hankali.

"Wa ya yanka wannan?"