Idanun Malam Jatau

Ba a gama wankan gawar Malam Jatau ba, wakilin kamfani ya yi sallama da ɗan akwati a hannu. Idanun da aka dasa wa marigayin tun yana saurayi ya zo karɓa.

Matarsa Tasalla ta fito zaure. "Ɗan nan, gonarsa fa ya sayar ya saye su."

"Izinin gani ya saya, Inna, ba idanun ba. Alƙali ma ya ce ba a binne kayan kamfani. Za a goge su a sa wa wani."

Tasalla ta dubi ɗan akwatin. Da idanun nan Malam Jatau ya fara hango ta a bakin rijiya.

"To, in muka haɗu a kasuwa, za su gane ni?"