Hular Zuwa Ikko

Ranar da Nata'ala zai bar Mairuwa zuwa Ikko, inda wani babban kamfanin kwamfuta ya kira shi intabiyu na neman aiki, sai da ya biya ta zauren su Safara'u, yarinyar da yake so. Wata biyu ya yi yana bitar yadda ake huda kati don na'ura ta karanta, amma maganar da ke cin ransa ta ƙi fitowa. Ƙarshe, wata guda da ya wuce, sai ya huda maganar a kati ya ba Safara'u kyauta, tunda ba ta san karatun huji ba.

Safara'u ta fito kai a sunkuye, ta miƙa masa sabuwar hula. Yana dubawa ya gane zanen. Hujin katin nan ne ta ɗinke a jikin hular, babu kuskure ko ɗaya.

"Da ita za ka shiga gabansu," in ji ta.

"Safara'u, ai mutanen can sun iya karanta wannan."

"To, mi aka rubuta, Malam?"

Ya kalli tabarma, ya kalli ƙofa. Duk tambayoyin da ya haddace babu mai nauyin wannan.

"Cewa na yi, ko za ki aure ni."

Ta ja mayafi ta rufe murmushinta. "Littafin karatun hujin da ka mance wurin Baba, sati uku na yi a kansa. Juya ɗaya gefen."

Ya juya. Haruffa biyu ne kacal: eh. Ya bi su da yatsa har sau uku, sannan ya kafa hular, ya gyara mata zama.