Jirgin da Aka Ɗaure a Turke

Tunda ka ce mutumin nan za ka ɗauka aiki saboda ka ga yana da zafin nama, to gyara zama ka ji wani misali kafin ka yanke shawara.

An yi wani masunci a wani ƙauye na bakin tafki, dattijo ne mai kafiya, in ya ce ga inda za shi, to ka ba shi hanya kawai. Kifi ya ƙaurace wa gaɓa ya koma gindin wani tsibiri mai nisa, inda mahaifinsa ya saba kafa sansani, shi kuwa kafaɗarsa ta gaji, ba ta iya jan filafili zuwa can. Injin fetur kuma ba ya so, don ƙararsa tana korar kifi tun kafin mutum ya iso. Sai ya samo ɗan injin nan mai aiki da batir, wanda ke tura jirgi shiru kamar ana jan sa da igiya. Saura batir. Ranar kasuwa ya je ya yi yadda kowa ke yi a garin: mai kaya ya goga waya a kan batir, a ga tartsatsi, wanda nasa ya fi tashi shi ne mai ƙarfi. Da aka goga wa na babbar mota, wuta ta yi tsalle har dattijo ya ja da baya. Ya ce abin da ke tayar da tirela, ɗan kwale-kwale ne zai gagare shi? Ya saye shi. Washegari ya murɗa inji har ƙarshe, jirgi ya keta ruwa, hularsa na neman tashi. Bai kai rabin hanya ba farfela ta fara nishi, can ta yi tsit. Ga rana, ga kafaɗa ba hali. Haka ya yini iska na juya shi, sai wasu mata masu dawowa daga sayar da kifi suka ɗaura jirginsa a nasu suka jawo shi gida, suna ta yi masa barka da dawowa daga tsibiri. Wallahi wannan barkar ta fi ranar ƙona shi.

'Ya'yansa suka taru suka ce abin ya isa haka, a sayar da jirgin, Baba ya zauna a inuwa yana ɗinkin koma. Maganar ta yi masa ciwo ƙwarai, don raba shi da ruwa raba shi da ransa ne. Ya nemi su bar shi ya sake gwadawa sau ɗaya. Babban ɗan ya yarda, amma da sharaɗi: in aka sake jawo shi, jirgi ya tafi kasuwa.

Dattijo bai koma wajen masu tartsatsi ba. Ya je wurin mai haɗa wa mutane wutar sola, ya ba shi labari. Mutumin ya ce ai batirin mota ƙarfinsa na lokaci guda ne, ya tayar da inji ya koma ya huta, in ka tatse shi ƙarƙaf kuma ka kashe shi ke nan. Ya nuna masa na sola, wani baƙi mai nauyin tsiya, ya ce wannan kaɗan-kaɗan yake bayarwa, amma yana yini yana bayarwa. Dattijo ya ce ya ji, sai dai an taɓa cin sa da ido, ba za a kuma cin sa da baki ba, sai ya gwada. Ya kai batirin bakin ruwa, ya ɗaure jirgi a turke, ya kunna inji a ƙaramar tafiya, ya hau ya zauna ya harɗe ƙafa. Farfela na juyawa, jirgi na nan inda yake. Masu wanki suka yi dariya har da riƙe ciki, masu wucewa na cewa Allah ya kiyaye hanya, a gaida mutanen tsibiri. Ko kallonsu bai yi ba, inuwar turken yake kallo. Hantsi ya wuce, azahar ta yi, aka yi la'asar, farfela ba ta fasa ba sai da rana ta yi ja. Ya lissafa a ransa, ya ga wannan ya isa zuwa da dawowa har da saura.

Ya sa aka cika batirin, ya loda koma da guzuri, ya ce wa babban ɗansa: "Gobe da yamma ka dubi gabas."

Da safe ya kama hanya. Hannunsa ya yi ta ƙaiƙayin murɗa inji, ya hana shi. Samari masu filafili suka wuce shi suna ɗaga masa hannu, ya bar su. Ya zo daidai inda ya tsaya wancan karon, ya kasa kunne, ya ji farfela na nan tana ɗan gunjinta. Ya wuce. Da yamma babban ɗan ya fito gaɓa, mutanen gari na bayansa, har da wanda ya riga ya taya jirgin. Can gabas, daga kan tsibirin da aka daɗe ba a hura wuta ba, sai ga hayaƙi siriri yana tashi. Dattijo ya kafa sansani a gurbin mahaifinsa, yana gasa kifin farko. Mai tayin jirgi ya saɓa rigarsa ya koma gida.

To kai ma, kafin ka ruɗu da tartsatsin mutumin nan, ɗaure shi a turke ka ga ko zai kai la'asar. Hausawa dai sun riga sun faɗa: tafiya sannu-sannu, kwana nesa.