Akwalar Ƙofar Gida

"Ku gudu! Bam ne!" Tahir ya ƙwalla ihu, ya yar da jakarsa.

Saukarsa ke nan a unguwarsu ta Mafoni bayan shekaru yana aikin ƙera motoci a Japan, sai ga wata akwalar mota a ƙofar gidansu. Dama labarin tashin bama-bamai ya cika masa ciki.

"Mota sana'ata ce! Wane mai hankali zai hau wannan gwangwanin?"

Babu wanda ya motsa. Maƙwabciyarsu, Ya Gumsu, ta riƙe haɓa.

"Tahir, ba ka gane motar da ka aiko wa babanka ba?"

Ko taya bai taɓa aikowa ba. Tsohon yana bakin zaure, tsumman goge mota a hannunsa, kansa a ƙasa.