Tsagerun Kiru da Waƙar Wancan

Da garwar kananzir Shitu ya fara. Habu ya zo da gurmin da ya ɗaura wa wayar birkin keke, Adamu kuma ya kawo muryar da ke sa jarirai kuka. Suka ɗinka riguna da buhun taki, suka aske rabin kai suka bar rabi, suka sa wa kansu suna Tsagerun Kiru. Kiɗa dai, Allah na tuba, babu shi. Hayaniya ce da rashin kunya.

Gidan rediyo bai taɓa sa su ba, babu kuma mai hankalin da ya gayyace su biki. Amma daga Bebeji har Doguwa ba kwandasta ko ɗan achaɓan da bai haddace su ba. Kaset ɗaya ake ta kwafa har murya ta dishe. Masuntan Tiga ma rabin kai suka koma askewa, wai su ma Tsageru ne.

Zambo ne sana'arsu. Mai awon da ya lotsa gindin mudu, telan da ya ci yadin mutane, duk sun sha, kowa da sunansa da na ubansa.

Ana nan sai Alhaji Hamidu dillalin taki ya fito takarar shugaban ƙaramar hukuma. Mutum ne mai son a ce masa ɗan birni, alhali ba wanda ya san unguwarsu a birnin. Ranar da ya tara manyan baƙi daga Kano, tsohuwa Furera mai tallan nono ta taso daga ruga ta tsaya a ƙofar gidansa da ƙwarya a ka. Ko kallonta bai yi ba. Ya ce wa yaransa su sallami mai nonon nan, tana jawo ƙuda. Shitu, da yake a wurinta yake shan fura duk ranar kasuwa, shi ya ɗaukar mata ƙwaryar ya raka ta.

Kafin zaɓe sai ga sabon kaset, sunansa Wancan. Wancan mai haɗa taki da yashi, wannan kowa ya sani. Amma Wancan da ɗan maraƙi ya kora har kan tsamiya fa? Wancan da ya yi fitsarin kwance har ya fara gemu? Wancan da bulala ɗaya ta fitar da shi daga filin sharo yana ihu? Kai, mutane sun yi dariya har da riƙe ciki.

Alhaji ya garzaya kotu, ga shi babban mutum, yana gumi. Alƙali ya saurari kaset ɗin daga farko har ƙarshe, yana danne dariya, sannan ya tambaya ina sunan mai ƙara a ciki. Babu. Magoya bayan Tsageru suka yi ta kuranta basirarsu, wai sun san doka. Su wa? Mutanen da ko sunansu ba su iya rubutawa ba!

Alhaji ya sha ƙasa a zaɓen. Ko a akwatin unguwarsa bai kai labari ba, yara kuma suka riƙa binsa da "Wancan! Wancan!"

A tashar Kiru ya ritsa Shitu, ya ci kwalar buhunsa.

"Matsorata! Kun zagi kowa da sunansa, ni me ya hana ku kama nawa?"

Shitu ya zame wuyansa, ya gyara riga.

"Alhaji, mu da tsoro? Wallahi har roƙon tsohuwar da ta ba mu waƙar muka yi ta saka sunanka. Ta ce zagi dai a zage ka son rai, amma ita Bafulatana ce, bakinta ba ya faɗin sunan ɗanta na fari."